Zailani Mai Naɗin Laima

Na san Zailani tun yana tela a bakin tashar Tiga, a shekarar 1983, lokacin ina aikin duba ma'aunin ruwa a dam. Mutumin Yako ne, siriri, mai ɗan rankwafawa irin ta wanda ya daɗe a kan keken ɗinki. Ba ya ɗinkin ado. Aikinsa faci ne, da tamfol ɗin motoci, da buhunan masunta. Ba shi da yawan magana, amma in ya ɗinka maka abu sai ka gaji da shi ka yar, ɗinkin bai kwance ba. Matarsa Luba 'yar Kiru ce. Yayanta Balarabe direba ne, kuma shi ne babban aminin Zailani tun kafin a yi auren. Duk da haka Yaya yake ce masa.

A wancan lokacin akwai wani filin jirgi na jar ƙasa da masu gina dam suka bari. Wasu Turawa da 'yan boko daga Kano suka kafa wata ƙungiya a wurin, suka sa mata suna Shaho. Duk Asabar sai su zo da ƙaramin jirgi, ya ɗaga su sama can, su diro ɗaya bayan ɗaya, laima ta buɗe a kansu. Da farko mutane sun ɗauka hauka ne. Fulanin da ke kiwo a gefen filin sai da suka yi wata guda suna janye shanunsu duk ranar Asabar. Daga baya kowa ya saba, har masu rake da gyaɗa suka riƙa zuwa ciniki.

Mai koyarwa a ƙungiyar wani Bature ne da muke kira Mai Gemu. Wata rana laimarsa ta kama ƙaya ta yage, ya kawo wa Zailani. Da ya dawo karɓa ya ɗaga ta a rana yana neman facin, da ƙyar ya gan shi. A makon nan ya ɗauki Zailani aiki, ya kuma ɗauki Balarabe direban motar da ke bin masu dirowa ta kwaso su daga gonaki.

Shekara biyu Mai Gemu ya yi yana koya wa Zailani naɗin laima. Na sha zuwa in tsaya ina kallonsu a rumfar kwano, a kan wani dogon tebur. Kowane mai dirowa laima biyu yake ɗauka: babba a baya, ƙarama a ciki, wadda ake ce wa ta ko-ta-kwana, don in babbar ta ƙi. Zailani yakan shimfiɗa laimar, ya bi igiyoyinta ɗaya-ɗaya da yatsa daga sama har ƙasa, ya tabbatar babu wadda ta hau 'yar uwarta. Ya ninke yadin ɓangare-ɓangare, ya jera igiyoyin cikin robobi, ya rufe jaka, ya sa hannu a kati. Ba a shanya laima a rana, ba a naɗe ta da danshi, ba a ajiye ta kusa da mai ko batir. In yana shakkar yadi sai ya kama shi da manyan yatsunsa biyu ya ja. In ya ji ya yi laushi, ya ɗaura wa jakar jan ƙyalle, ba mai sake taɓa ta.

Sabon ɗalibi kuwa kwana uku cur yake yi a ƙasa kafin ya shiga jirgi. A ɗora shi kan garwa ya yi ta dirowa: ƙafafu a haɗe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ya faɗi ta gefe ya mirgina. A rataye shi a bishiyar ɗorawa da ɗamarar laima ya koyi jan ta ko-ta-kwana. Abin da Mai Gemu ya fi matsa musu a kai shi ne fita daga ƙofar jirgi, domin wanda ya fita a dunƙule yana wuntsilawa igiyoyi za su naɗe shi.

A ƙarshen 1985 Mai Gemu ya koma ƙasarsu. Ƙungiya ta koma hannun mataimakinsa, Labaran, wanda kowa ke kira Kyaftin. Ƙato ne, mai murya, ya iya dirowa ƙwarai, ba a yi masa ƙarya. Amma yana raina aikin tebur. Bai taɓa naɗe laimarsa da hannunsa ba tun da Zailani ya ƙware. Kwana ukun horo ya mai da su biyu, daga baya ya mai da su wuni ɗaya.

Da damina ta gaba, wani batirin mota da aka ajiye a sito ya tsiyaye a kan laimomin ko-ta-kwana guda biyu. Zailani ya buɗe su, ya ja yadin, yatsansa ya shige. Ya ɗaura musu jan ƙyalle, ya kai wa Labaran.

"Yallaɓai, waɗannan biyun sun mutu. Ruwan batir ya ci su."

Labaran ya duba ta sama-sama ya ce, "Ɗan tabo ne kawai. Mai da su jakarsu ka ajiye, zan gani."

A makon nan aka yi wa ƙanen Zailani haihuwa a Yako, ya tafi suna. Ranar Asabar ɗalibai biyar suka zo daga Kano. Balarabe ya daɗe yana roƙon a bar shi ya diro ko sau ɗaya, ya gaji da kwasar mutane suna ba shi labarin yadda dam yake daga sama. Ranar Labaran yana cikin nishaɗi, ga baƙi yana so ya burge, sai ya ce to, yau direbanmu ma zai diro. Horon da ya yi masa bai kai awa biyu ba. Laimomin ko-ta-kwana masu kyau sun ƙare a kan ɗaliban, sai ya shiga sito ya kwance jan ƙyallen ɗaya daga cikin matattun nan biyu, ya ɗaura wa Balarabe.

Ina filin ranar. Na ga Balarabe ya fito daga jirgi yana wuntsilawa. Babbar laimar ta fita, amma igiya ta harɗe masa ƙafa, ta tsaya a miƙe kamar wankin da aka matse. Ya ja ƙaramar. Ta buɗe fara fat, mutane suka fara tafi, sai ta tsage daga tsakiya har baki. Ya sauko da tsummoki biyu a kansa, ya faɗa cikin wata gonar shinkafa mai taɓo. Taɓon ne ya hana shi mutuwa. Amma ƙashin bayansa ya karye, daga ƙugu zuwa ƙasa bai sake motsi ba.

Da 'yan sanda suka zo, Labaran ya ce laifin mai naɗi ne. Ya nuna katin da ke jakar, ga sa hannun Zailani na watannin baya. Ya rantse cewa babu wata laima da ta taɓa lalacewa a sitonsa, babu wanda ya taɓa kawo masa maganar ruwan batir. Ya ce, "Tela ne kawai, bai iya naɗi ba. Na daɗe ina haƙuri da shi." A wurin sunan aka je aka kama Zailani, a gaban dangi. Ya yi kwana goma sha tara a tsare kafin a sake shi don babu shaida. Babu wanda ya wanke shi.

Abin da ya biyo baya ya fi tsarewar ciwo. A Tiga mutane suka daina kawo masa ko faci. Surukarsa ta aiko aka tafi da Luba Kiru wai ta yi jinyar yayanta, ta kusa shekara ba a bar ta ta dawo ba. In ya je gaisuwa, a zaure ake barinsa. Sai da Balarabe ya ji muryarsa wata rana ya matsa aka shigo da shi.

Zailani ya ba ni labarin wannan shigar. Ya ce ya tarar da Balarabe a kwance kan katifa, ya rame, ƙafafunsa sun fara shanyewa. Ya durƙusa zai yi rantsuwa, Balarabe ya tare shi.

"Bar shi. Na san hannunka. Na ga lokacin da Labaran ya fito da ita daga sito, na ga jan ƙyalle a aljihunsa. Ban san ma'anarsa ba sai da nake ƙasa."

"Yaya, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa. An ce zafin ciwo ne, kuma ina kare mijin ƙanwata." Sannan ya ce, "Ba na so ya mutu, Zailani. In ya mutu ya huta. Ina so ya ji abin da na ji lokacin da na ɗaga kai na ga ta tsage. In kuma da hali, ina so in gani da idona."

Daga ranar Zailani ya zama wani mutum. Ya koma bakin tasha da kekensa. Duk Asabar in motar Labaran ta zo wucewa, sai ya tashi ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, barka da zuwa." Da farko Labaran ba ya ko kallonsa. Bayan shekara ya fara ɗaga hannu. Da sallah Zailani ya ɗinka masa rigar kujerun mota ya kai masa kyauta. Ni kaina na ji haushi, na ce masa, "Haba Malam Zailani, mutumin da ya yi maka wannan?" Ya ce, "Ya wuce, Malam." Ya ci gaba da taka kekensa. Luba ta dawo ta tarar da haka, ta yi mako biyu ba ta yi masa magana ba. Bai gaya mata komai ba. Balarabe kaɗai ya sani.

Shekara huɗu ya yi a haka. A cikinsu masu naɗi biyu suka zo daga Kano suka tafi, don ba mai iya zama da Labaran. Turawan sun watse, ɗalibai sun ragu. Wata safiya a 1990 Labaran ya tsaya da mota a gaban rumfar tela, bai fito ba, ya ce ta taga, "Kai, har yanzu ka tuna aikin?"

"In aka ɗan tuna min, yallaɓai."

Ya koma tebur. Shekara guda cur yana naɗe wa Labaran laima, kowace tana buɗewa lafiya lau. Labaran ya saki jiki har ya riƙa cewa a gaban mutane, "Ka ga, tsarewar nan ta gyara shi." Zailani yakan yi murmushi. Ya ce min daga baya duk ranar da ya ji wannan kalmar ba ya iya cin abinci.

Damar ta zo a 1991. Wani attajiri mai neman kujera ya shirya babban taro a filin, ya ɗauki Labaran ya diro daga sama da tutarsa ya miƙa masa a gaban jama'a. An yi mako ana shela da lasifika a kasuwanni. Ranar mutane suka cika filin, daga Bebeji, daga Kiru, daga Tudun Wada, har da Fulanin gefen Falgore da matansu. Makaɗa, babura, 'yan jarida biyu daga Kano. Zailani ya yi hayar a-kori-kura ya aika Kiru, aka ɗauko Balarabe a kan katifarsa, aka jingina shi da buhuna a bayan motar, inda zai ga komai. Luba tana zaune kusa da shi.

Al'ada ce kafin mai dirowa ya shiga jirgi, mai naɗi ya yi masa dubawar ƙarshe: ya ja maɗaurin ƙirji da na cinya, ya duba allurar da ke rufe kowace jaka, ya daki kafaɗarsa. Injin jirgi yana ruri, Labaran ya sa hular kwano da farar riga, tuta a naɗe a ƙugunsa, yana ɗaga wa mutane hannu. Zailani ya duba komai a nutse. Sannan ya matso da bakinsa kusa da kunnensa.

"Yallaɓai, laimomin nan biyu ne da ruwan batir ya ci. Ɗaya ka ba Yaya Balarabe. Ɗayar ce a cikinka yanzu. Tunda ka rantse lafiyarsu ƙalau, ba damuwa. Babbar kuwa ni na naɗe ta, ka kuma san ban iya naɗi ba."

Ya daki kafaɗarsa, ya ja baya, ya rusuna.

Ina tsaye ba nisa. Ban ji abin da aka ce ba sai daga baya da Zailani ya gaya min, amma na ga hannun Labaran ya tsaya a sama. Ya dubi jakar da ke cikinsa, ya dubi Zailani, ya dubi attajirin da ke kan mumbari yana yi masa alama ya hau. Maroƙi yana ta kiran sunansa a lasifika. Matuƙin jirgin ya miƙo hannu ya jawo shi ciki.

Jirgi ya tashi, ya yi ta hawa har ya zama kamar tsuntsu. Ya zo daidai kan filin, aka rage injin kamar yadda ake yi in za a diro. Dubban mutane suka ɗaga kai. Ba wanda ya fito. Ya zagayo na biyu. Makaɗa suka sassauta. Ya zagayo na uku, wannan karon muna iya hango farar riga a bakin ƙofa, tana nan, ba ta motsa ba. Matuƙin ya gaya mana daga baya cewa Labaran ya riƙe ƙarfen ƙofa da hannu biyu, yana cewa ta ruɓe, ta ruɓe.

Da jirgin ya sauka, yara suka fara ihu, manya suna dariya. Labaran ya fito, gaban wandonsa a jiƙe, ya yi kan Zailani ya cakumi wuyan rigarsa. Mai lasifika ya biyo shi da abin magana yana so a ji dalili, don haka duk filin ya ji.

"Kashe ni zai yi. Ya ɗaura min ruɓaɓɓiyar laimar nan da ruwan batir ya ci, 'yar uwar wadda ta yage da Balarabe."

Zailani bai ƙwace ba. Ya ce, "Wane ruwan batir, yallaɓai? Ai ka gaya wa hukuma babu shi."

Matuƙin jirgin, wanda shi ne ya tuƙa ranar da Balarabe ya faɗo, ya zo ya kwance wa Labaran jakunkunan biyu, ya buɗe su a ƙasa a gaban kowa. Ya ja yadin, ya bi igiyoyin. Duka biyun sababbi ne, naɗin kuma ya ce bai taɓa ganin mai kyau kamarsa ba. Ya miƙe ya ce wa Labaran, "Ni ba zan ƙara ɗaukarka a jirgina ba."

Na je wurin motar da Balarabe yake. Ba dariya yake yi ba. Idonsa yana kan Labaran, wanda mutanen attajirin suke turawa cikin mota suna zaginsa. Da Zailani ya iso, Balarabe ya ce, "Sau nawa ya zagaya?"

"Uku, Yaya."

"Ni ban samu ko ɗaya ba. Amma na gani." Luba ta rufe fuska da mayafi tana kuka, ta kama hannun mijinta a gaban mutane, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

Ƙungiyar Shaho ba ta ƙara wata biyu ba. Ba a kai Labaran kotu ba, an ce maganar ta tsufa. Amma daga Tiga har Kano ba inda zai zauna ba a ce ga Kyaftin mai zagaye uku ba. Ya koma sayar da kayan gyaran mota. Bayan shekara biyu ya turo dattawa uku Kiru su nema masa gafara. Balarabe ya sa aka ba su fura, ya saurare su har suka gama, sannan ya ce su gaya masa ya zo da kansa, da rarrafe, daga bakin titi har ɗakin nan, kamar yadda shi yake zuwa bayan gida. Labaran bai zo ba. Da dattawan suka biya wurin Zailani, ya ce shi ba shi da abin yafewa sai abin da Yaya ya yafe.

Zailani ya rasa aikin da ya fi so a duniya, ya kuma san zai rasa shi tun kafin ya yi magana a bakin jirgi. Ya kwashe iyalinsa ya koma Tudun Wada, ya kafa keke a bakin kasuwar hatsi yana ɗinka tamfol na manyan motoci. Ya ɗauko Balarabe ya ba shi ɗaki a gidansa, shi yake yi masa wanka har ya rasu a 1996.

Na ziyarce shi bayan na yi ritaya. Muna zaune a rumfarsa, na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina. Na ce ya taɓa yin niyyar ɗaura wa Labaran ruɓaɓɓiyar da gaske?

Ya daina taka keken. Ya ce, "Ranar da na koma aiki, ita na fara nema. Na same ta a cikin wata garwa bayan sito, inda ya ɓoye ta. Ɓeraye sun yi gida a ciki, sun yayyaga ta, ba abin da za a naɗe."

"Da ka same ta lafiya fa?"

"Yaya ya ce kada ya mutu," in ji shi. "Amma shekara guda ina ɗaure mutumin nan da hannuna duk Asabar. Ban sani ba, Malam. Har yau ban sani ba."

Wani direba ya leƙo yana tambaya ko tamfol ɗinsa ya yi, motar masara tana jiransa zai tafi Legas. Zailani ya ce saura gefe ɗaya, ya jawo yadin ƙarƙashin allura ya ci gaba.